Innisfree da Iƙirarin Kare Muhalli: Tambayoyi da Amsoshi kan Kayan Shafa na Koriya

Kayan shafa na Koriya ta Kudu sun shiga hannun mata a ko'ina, kuma kusan kowane kwali yana ɗauke da koren ganye da alkawarin cewa ba a cutar da ƙasa ko dabba ko mutum ba wajen haɗa shi. Na ɗauki kamfani ɗaya, Innisfree, domin shi ya fi kowa kafa sunansa a kan wannan alkawari, kuma shi ne aka taɓa kamawa dumu-dumu a kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu saye suka fi yi.

Wane ne Innisfree, kuma na waye?

An kafa shi a shekarar 2000 a ƙarƙashin Amorepacific, babban kamfanin kayan kwalliya na Seoul wanda kuma shi ke da Sulwhasoo da Laneige da Etude. Amorepacific ya fara ne a 1945, amma tushensa ya girmi haka. Wanda ya kafa shi shi ne Suh Sung-whan, mahaifiyarsa kuwa tana tatsar man gashi daga 'ya'yan itacen kameliya tana sayarwa a garin Kaesong tun shekarun 1930. Sanin uwar kamfanin yana da amfani, domin manufofi irin na gwaji kan dabbobi da wutar masana'anta daga can sama ake yanke su, ba a ofishin Innisfree ba.

Da gaske ne daga tsibirin Jeju suke samo kayan haɗinsu?

Wasu daga ciki, da gaske ne. Jeju tsibiri ne a kudancin Koriya wanda dutse mai aman wuta ya samar, da tsaunin Hallasan a tsakiyarsa, kuma UNESCO ta sa wasu sassansa cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Suh Sung-whan ya fara share duwatsu yana dasa ganyen shayi a can a 1979, a filin da manoma ke ganin ba zai yi komai ba. Gonakin suna nan har yau, daga cikinsu ake yin shayin Osulloc, daga cikinsu kuma ake samun koren shayin da ke cikin shahararren mansu na fuska. Wannan ba tatsuniyar talla ba ce, gona ce da masu yawon buɗe ido ke shiga da ƙafarsu.

Sai dai ki juya kwalin ki karanta jerin sinadaran. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Bayan ruwa da ruwan shayin, za ki ga gilisarin da sauran sinadaran riƙe danshi da na hana lalacewa, irin waɗanda kowace masana'anta a duniya ke saye daga dillalan sinadarai. Babu aibu a hakan, man da ba shi da sinadarin hana ruɓewa zai yi funfuna cikin makonni. Abin lura kawai shi ne Jeju wani yanki ne na abin da ke cikin kwalbar, hoton kwalin kuwa yana nuna kamar shi ne duka.

Mene ne labarin kwalbar takarda da ake yawan ambata?

A 2020 Innisfree ya fitar da mansa na 'ya'yan koren shayi cikin wani sabon mazubi mai launin kwali, an rubuta a jikinsa da manyan haruffa "Hello, I'm Paper Bottle", wato kwalbar na gabatar da kanta cewa ita ta takarda ce. Mutane suka saya da farin ciki, musamman waɗanda ke ƙoƙarin rage roba a gidajensu. A watan Afrilun 2021 wani daga cikin masu sayen ya tsaga mazubin gida biyu, sai ga kwalbar roba fara sol a kwance a ciki, takardar ashe riga ce kawai aka sa mata. Ya ɗauki hoto ya saka a wani zauren Facebook na 'yan Koriya masu guje wa roba, kafin a ce kwabo hoton ya zagaya duniya.

Kamfanin ya yi bayani. Ya ce robar da ke ciki siririya ce marar launi, mai sauƙin sake sarrafawa, kuma ta rage yawan robar da kashi 51.8 cikin 100 idan aka kwatanta da mazubin da aka saba. Ya ce a jikin kwalin waje an rubuta yadda za a raba takardar da robar kafin a zubar. Sannan ya amsa cewa sunan na iya sa mutum ya ɗauka duk mazubin takarda ne, ya ba da haƙuri.

Abin da ya fi ɓata mini rai a nan shi ne aikin da suka yi na kirki ne. Rage rabin roba a mazubi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma kowa ya san ruwa-ruwan mai ba zai zauna cikin takarda zalla ba. Da sun rubuta "mun rage rabin roba", da ba wanda zai ce uffan, da ma an yaba musu. Amma suka zaɓi kalmar da ta fi daɗi a kunne, suka tura gaskiyar zuwa ƙananan haruffa. Wadda ta biya kuɗinta domin ta guje wa roba an sayar mata da roba, kuma an san dalilin da ya sa ta miƙa hannu. Cin amana ke nan, ko da kowace jimla da ke jikin kwalin za ta iya kare kanta a gaban alƙali. Tun daga lokacin, duk inda ake koyar da yadda kamfanoni ke shafa wa kayansu koren fenti don a ce suna kula da muhalli, da wuya a tashi ba a kawo wannan kwalbar ba.

To shirinsu na karɓar kwalaben da aka gama amfani da su fa? Shi ma ado ne?

A'a, wannan tsohon shiri ne mai tushe. Tun 2003 suke karɓar kwalabe a shagunansu, suna ba wanda ya kawo maki da zai rage kuɗin sayayya. A 2017 sun buɗe wani shago a unguwar Sogyeok-dong a Seoul wanda aka yi kayan adon bangonsa da daɓensa da niƙaƙƙun kwalabe 230,000. A watan Oktoban 2020 kuma Amorepacific ya buɗe wurin ɗura sabulun gashi da na wanka a shagonsa na Gwanggyo, inda ake auna abin da mutum ke so a zuba masa.

Dalilin da ya sa kamfani ke buƙatar karɓar kwalabensa da kansa shi ne mazubin kayan shafa yana daga cikin mafi wuyar sarrafawa. Ɗauki kwalbar man fuska mai kan matsawa ki kwance ta. Za ki samu jikin da roba iri ɗaya, murfin da wata iri, siririn bututu, ƙaramin sifirin na ƙarfe a cikin kan, wani lokaci da fenti mai ƙyalli a waje, ga ragowar mai manne a gindi. Injin tace shara ba ya iya raba waɗannan, sai a tura su wurin ƙonawa. A ƙarshen 2019 Koriya ta fara tilasta wa kamfanoni auna mazubansu bisa matakai huɗu, daga mafi sauƙin sarrafawa zuwa mai wuya. Da aka so a sassauta wa masu kayan kwalliya wajen buga alamar "mai wuyar sarrafawa" a jikin kayansu, ƙungiyoyin farar hula suka tashi a 2021, suka tara dubban kwalabe daga gidajen jama'a suka jibge su a gaban manyan kamfanonin. Matsin jama'a ne ya motsa masana'antar, ba tausayin ƙasa kaɗai ba.

Ni da nake saye a Kano ko Maraɗi, wannan shirin ya shafe ni?

Gaskiya bai shafe ki ba. Shirin yana aiki ne inda kamfanin ke da shagon da zai karɓa da motar da za ta kwashe. Kwalbar da ta iso hannunki ta hanyar mai oda daga waje, tafiyarta ɗaya ce, ba ta komawa. 'Yan jari-bola suna ɗaukar abin da ke da mai saye, kamar gorar ruwa da ƙarfe da gwangwani. Ƙaramar kwalba mai fenti da sifirin ba ta da kasuwa, sai bola ko kwata.

Mafi muni a wannan fannin shi ne ƙyallen fuska na shafawa sau ɗaya, wanda ake mannawa minti ashirin a yar. Kowane ɗaya yana zuwa cikin jakarsa da aka haɗa leda da siririn fallen alminiyam a manne, ba mai iya raba su. Idan batun shara ya dame ki, babban mazubi ɗaya mai murfin murɗawa ya fi ƙanana goma, kuma idan ya ƙare ana wanke shi a zuba man kaɗanya ko kwalli ko lalle.

Suna gwada kayansu a kan dabbobi?

Amsar tana da rassa. Amorepacific ya ce ya daina gwaji kan dabbobi da kansa tun 2008, kuma a 2013 ya faɗaɗa hanin zuwa masu kawo masa kaya. Ita ma Koriya ta gyara dokar kayan kwalliya, hanin ya fara aiki a watan Fabrairun 2017. Amma dokar ta bar ƙofofi a buɗe, ɗaya daga ciki ita ce idan ƙasar da za a kai wa kayan ta wajabta gwajin.

Ƙasar da ake nufi ita ce Sin. Innisfree ya shiga kasuwarta a 2012 ya buɗe ɗaruruwan shaguna, a lokacin da dokar can ke tilasta gwada duk kayan kwalliyar da aka shigo da su a kan dabbobi, irin su zomaye da ɓeraye. Kamfanin ba shi ke riƙe da zomon ba, ɗakunan gwaji na hukuma ne ke yi, amma ya san sharaɗin ya kuma amince domin kasuwar. Shi ya sa masu bibiyar wannan batu da dama suka ƙi sa shi a jerin kamfanonin da hannunsu ke da tsabta. Daga 1 ga Mayun 2021 Sin ta sassauta: kayan yau da kullum kamar man shafawa da jan baki na iya shiga ba gwaji idan an cika wasu takardu, amma na musamman, irin man kariya daga rana da na haske da rinin gashi, ba su shiga sassaucin ba.

Don haka idan kika ga "ba ma gwaji kan dabbobi sai inda doka ta wajabta", rabin jimlar na biyu shi ne labarin. Tambarin da wata ƙungiya mai zaman kanta ta bayar bayan bincike, kamar Leaping Bunny, ya fi hoton zomon da kamfani ya zana wa kansa nauyi.

Idan an rubuta cewa babu sinadarin dabba a ciki, ya zama halal ke nan?

Ba lallai ba, abubuwa biyu ne daban. Alamar "vegan" na nufin babu abin da aka ciro daga dabba, ko zuma ko madara. Wannan yana kawar da manyan damuwoyi, domin a kayan shafa na Koriya ana samun kolajin da mahaifar dabba waɗanda sau da yawa daga alade ake ciro su, ga kuma jan launin karmin da ake samu daga wani ƙwaro, wanda ake sakawa a jan baki. Amma alamar ba ta cewa komai game da itanol, sinadarin da ke bugarwa a giya, ba ta kuma duba ko injin da ya haɗa wannan man shi ya haɗa wani mai sinadarin alade.

Kada kalmar "alcohol" ta firgita ki a duk inda kika gan ta. Wanda aka rubuta cetyl ko stearyl ko cetearyl a gabansa wani kitse ne mai kama da kakin zuma, ba ya bugarwa, ba shi da alaƙa da giya. Itanol shi ne abin tambaya, kuma malamai sun yi bayani mabambanta kan hukuncin shafa shi, sai ki koma ga malamin da kika yarda da shi. Takardar halal ta gaskiya kaya ɗaya-ɗaya ake ba ta, ba kamfani ɗungurungum ba. A Koriya Tarayyar Musulmin ƙasar, KMF, tana bayarwa. Indonesiya kuma ta sa Oktoban 2026 a matsayin lokacin da shaidar halal za ta wajaba a kan kayan kwalliya, abin da ke tura kamfanonin Koriya neman takardar. Wani abin da masu binciken can ke dubawa, wanda ya dace mu ma mu riƙa tunawa, shi ne ko kwalliyar na barin ruwan alwala ya taɓa fata.

Yauƙin dodon koɗi da ake sakawa a man fuska fa, ana kashe su ne?

Wannan ya fi shahara a hannun kamfanin COSRX na Koriya, wanda shi ma yanzu yana ƙarƙashin Amorepacific. A cewar kamfanin, ba a kashe dodon koɗin. Kamfanin ya ce ana ɗora su a kan raga a ɗaki mai duhu su yi ta yawo, a tattara yauƙin da suka bari. Maganar kamfani ce. Kuma ko yaya aka yi, kayan da ke da shi ba zai shiga sahun marasa sinadarin dabba ba.

Na ga an rubuta "whitening". Bilicin ne?

A dokar Koriya kalmar tana nufin wani rukuni na kayan da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, MFDS, ke tantancewa, kuma sinadaran da aka amince da su sanannu ne, kamar niyasinamaid daga kashi 2 zuwa 5 cikin 100 da arbutin. Aikinsu rage tabo da daidaita launi, ba sa mayar da baƙa fara. Haidurokwinon, sinadarin da ake bilicin da shi, a Koriya magani ne, ba a yarda a sa shi a kayan kwalliya ba. Saboda haka man Koriya na asali ba ɗaya yake da haɗin da ake damawa a bokiti da sitiroyid da makuri ba, irin wanda NAFDAC ta daɗe tana yaƙi da shi har ta kira bilicin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Duk da haka ban wanke masana'antar ba. Ta ginu ne a cikin al'adar da ke ɗaukar farar fata a matsayin kyau, kuma tallanta na ɗauke da wannan saƙon zuwa ƙasashen da yarinya ke girma tana jin ana yabon "fara" a gidan biki. Hodar soso da Amorepacific ya ƙirƙiro a 2008 ta yi shekaru ana sayar da ita a launi biyu ko uku, lamba 21 da 23 su ne gama-gari, dukkansu na masu hasken fata. A 2024 wani kamfanin Koriya, TirTir, ya faɗaɗa launukansa daga uku zuwa talatin, daga baya arba'in, bayan baƙaƙen mata masu sharhi a intanet sun nuna yadda hodar ke zama kamar toka a fuskarsu. Cinikinsa a Amurka ya yi sama nan take.

Kalmar "na halitta" na tabbatar da cewa kayan ba su da illa?

Ba ta tabbatarwa. Man ƙamshi na lemo da na furanni daga tsiro suke, kuma suna cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayi. Abin da ke kare mai saye shi ne sa ido na hukuma. A watan Maris na 2018 MFDS ta sa a janye kayan kwalliya 13 da wata masana'antar kwangila ta haɗa, saboda sinadarin antimoni ya wuce ƙa'ida, kuma a ciki akwai na Aritaum da Etude House, duka na Amorepacific. Kamfanin ya ba da haƙuri ya karɓi kayan. A ƙarshen 2020 kuma gwaji mai zaman kansa ya nuna wani man kariya daga rana na kamfanin Purito na Koriya da aka rubuta wa ƙarfin 50 bai wuce 19 ba. Darasin da ke cikin duka biyun ɗaya ne: sunan da ke gaban kwali sau da yawa ba shi ne ya haɗa kayan ba. Dokar Koriya ta sa a rubuta sunan masana'antar a baya, ki riƙa dubawa.

Mutanen da ke cikin harkar fa, ana yi musu adalci?

Wannan ɓangaren ne tallan kore ya fi yin shiru a kai. A Koriya yawancin shagunan Innisfree na 'yan kasuwa ne da suka zuba jarinsu suka karɓi sunan. A 2019 suka fito zanga-zanga, suna kukan cewa uwar kamfanin na sayar da kaya iri ɗaya a intanet da arahar da ba za su iya bi ba, shagunansu na mutuwa. Maganar ta kai majalisar dokoki, shugaban kamfanin Suh Kyung-bae ya bayyana gaban 'yan majalisa a watan Oktoban 2020, kuma a daidai lokacin aka sa hannu kan yarjejeniyar tallafa wa masu shagunan.

Can ƙasan sarƙar kuma akwai waɗanda ba su da majalisar da za ta saurare su. Ƙyallin da ke cikin hoda da kwalliyar ido na kusan kowane kamfani a duniya daga ma'adinin maika yake, kuma an tabbatar da yara na haƙarsa a jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya da kuma Madagaska. Sinadarai da dama na sabulu da mai daga kwakwar manja ake samo su, wadda nomanta ya cinye dazuzzuka a Indonesiya da Malesiya. Sai wanda ya shafe mu kai tsaye: idan kika ga Butyrospermum parkii a jerin sinadaran man hannu ko na leɓe, man kaɗanya ne, kuma itacen ba ya tsirowa sai a yankin Afirka da ya ratsa Mali da Burkina Faso da arewacin Gana da Najeriya. Matan karkara ne ke tsintar 'ya'yan da sassafe a farkon damina, su dafa, su shanya, su sayar a kwano. Tazarar da ke tsakanin kuɗin kwanon nan da kuɗin ƙaramin bututun man da aka haɗa a Koriya ita ce ta sa gwamnatin Najeriya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida a watan Agustan 2025, domin a riƙa sarrafa shi a gida.

Sun yi wani abu game da hayaƙin masana'antu?

Amorepacific ya shiga ƙawancen RE100 a watan Maris na 2021, na farko a kamfanonin kwalliya na Koriya, wato ya ɗau alkawarin komawa gaba ɗaya ga wutar da ake sabuntawa, irin ta rana da iska. Alkawarin ya shafi wutar masana'antu da ofisoshinsa. Bai haɗa da jirgin saman da ya ɗauko miki kwalba biyu daga filin jirgin Incheon na Koriya ba.

Dole ne sai na bi matakai goma na gyaran fata da ake cewa matan Koriya na bi?

Ba dole ba ne, kuma matan Koriya da yawa ba sa yi. Lissafin goman ya yaɗu ne ta hanyar masu tallata kayan a Amurka. Abin wanke fuska, man riƙe danshi, da man kariya daga rana sun ishi yawancin mutane, sai ƙarin abu ɗaya idan akwai matsala takamaimai kamar ƙuraje ko tabo. Jibga sinadarai masu kaifi a kan juna na iya sa fata ta yi ja ta yi ɓawo, kuma a baƙar fata irin wannan kumburin kan bar tabo mai duhu da ke ɗaukar watanni.

Yaya zan gane na asali daga jabu?

Jabun kayan Koriya sun yi yawa, kuma a jabu duk abin da aka faɗa a sama ya rushe, domin ba wanda ya san me aka dama a ciki. Farashin da ya yi ƙasa sosai da na shafin kamfanin alama ce ta farko. Ki duba lambar rukunin haɗi da ranar ƙarewa, a tabbatar an buga su a jikin mazubin kansa, ba a manna da sitika ba. 'Yan Koriya suna fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, don haka 2027.03.15 na nufin 15 ga Maris, 2027. Hoton ƙaramin gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 12M a ciki na nufin wata goma sha biyu bayan buɗewa. Kayan da aka shigo da su Najeriya ta hanyar da ta dace suna da lambar rajistar NAFDAC. Ki tambayi mai sayarwa inda ta saro da kuma inda take ajiya, domin man da ya yi wata uku a shago mai rufin kwano cikin zafin Afrilu ya riga ya sauya, ko da ranar da ke jikinsa ba ta cika ba.